Gyaran Hoto a Waya: Nawa Za Ki Ce a Ba Ki?

  Wadda ke tsakar gida tana tankaɗe, sannu da aiki. Wadda ke ɗaki tana lallaɓa jariri ya yi barci, ki ɗan rage muryar akwatin kada mu tashe shi.

Zancenmu na yau ya taso ne daga wani saƙo da wata baiwar Allah ta aiko mana daga Dingaya, can ƙasar Gwaram. Ta roƙi kada a ambaci sunanta, kuma ba za mu ambata ba. Matar aure ce, tana cikin kulle, ta gama sakandare kafin a yi mata aure. Ta ce ƙanenta da ke karatu a Dutse ne ya nuna mata yadda ake gyara hoto a waya: a ƙara masa haske, a goge tabo, a cire tarkacen da ya fito a bayan mutum. Hannunta ya faɗa, har matan unguwa suka fara turo mata hotunan suna da na Sallah. Ana nan sai bikin 'yar wan mijinta ya taso, aka turo mata hotuna 60, na kamu da na yini da na buɗar kai. Kwana huɗu ta yi a kansu, yawanci da dare bayan yara sun kwanta. Da ta gama, uwar amarya ta aiko yaro da naira 2,000 da sabulu sanda ɗaya, da saƙon Allah ya yi albarka. Ta ce mini: “Anti, albarkar kam na karɓa hannu bibbiyu, amma datar da na ƙona ta fi kuɗin. Abin da ya fi damuna kuma, ko da an tambaye ni a lokacin, ban san nawa zan ce ba.”

Wannan magana ta ƙarshe ita ta sa na ce sai mun yi shiri guda a kanta, domin ni ma ta taɓa cin ni. Muna jami'a, a sashen koyon aikin jarida, an koya mana ɗaukar hoto da gyara shi a kwamfuta. Sai wata ƙawata za ta yi aure, ta ce in haɗa mata kalanda. Na haɗa, ta ce launin bai yi ba. Na canja, ta ce ango ya ce hularsa ta karkace. Na miƙe hula, ta ce uwar ango ba ta son rubutun. Sau bakwai ina sake aikin nan. Ko sisi ba ta ba ni ba, na yi wata uku ina jin haushinta a zuci, alhali ita ba ta ma san ana yi ba. Daga baya na gane laifin nawa ne. Ban yanke kuɗi ba, to me zan jira?

Sana'a daga cikin ɗaki ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Tun a shekarar 1969 wata Baturiyar Ingila mai bincike, Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta wallafa rubutu a kan cinikin da matan kulle ke yi daga cikin gidajensu, ta kira shi ɓoyayyen ciniki, saboda ba ka ganin su a kasuwa amma hatsi da abinci na shiga suna fita ta hannunsu. Kuma iyayenmu ba su taɓa ruɗewa wajen kuɗi ba. Je ki tambayi mai ƙuli-ƙuli. Ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, amma za ta faɗa miki nawa ta sayi tiyar gyaɗa, nawa ta ba mai inji, itacen nawa ta ƙona, kwalba nawa na mai za ta samu, da abin da za ta ba 'yar talla. In gyaɗa ta tashi a kasuwar Sara, washegari ƙulinta ya ƙanƙance. Tana da mudu, shi ke yi mata alƙalanci.

Mai gyaran hoto ita ce ba ta da mudu. Wadda ta turo miki hoto ba ta ga gyaɗa ba, ba ta ga itace ba, ba ta ga hayaƙi ba. Abin da ta gani kawai kina zaune a kan gado kina latsa waya, kuma ita ma ai tana latsa waya. Shi ya sa take ganin naira 50 ma alheri ta yi miki. To, tunda babu mudu a kasuwa, ke za ki sassaƙa naki. Ɗauko littafin ɗanki na makaranta, ki yage takarda ɗaya daga tsakiya, mu yi lissafin tare. Kuɗaɗen da zan ambata misali ne kawai don lissafi ya yi sauƙi, ke sai ki sa naki na gaskiya a gurbinsu.

Abu na farko data. Gaskiya ne akwai manhajojin da in kin sauke su a waya ba sa bukatar intanet wajen aiki, irin su Snapseed. Amma karɓar hoto da mayar da shi data yake ci, kuma irin su Remini ba sa motsi sai da intanet. Kin kuma san tun watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100. A ce dai datar aiki tana cin naira 4,000 a wata. Datar aiki na ce, ban da wadda kika ƙona wajen kallon fina-finai, wannan ba ruwan mai hoto da ita.

Na biyu caji. In gidanku akwai sola, kin huta, amma ki sa wani abu ko yaya, don batirin sola ma yana mutuwa. In kuwa yaro kike ba wa ya kai wurin mai caji, a ce naira 100 kullum, kwana 20 na aiki, naira 2,000 ke nan.

Na uku shi ne wanda kusan kowa ke mantawa, kuma shi ke kashe sana'ar: ita kanta wayar. Waya tana tsufa kamar yadda keken ɗinki ke tsufa, har ma ta fi shi sauri. Batiri ya kumbura, gilashi ya fashe, ciki ya cika ta fara nauyi. A ce an sayi wayar naira 96,000, kuma kina sa ran ta yi miki shekara biyu. Raba kuɗin gida 24, zai ba ki naira 4,000 kowane wata. Na san wata za ta ce, “Ai maigida ne ya saya mini,” ko “Ai a kayan lefe ta zo.” To madalla. Ranar da ta faɗa cikin bokitin wanki fa? Kina da tabbacin zai sake sayo wata a makon? In ba ki ware wannan kuɗin kina zubawa a asusu ko adashi ba, ranar da waya ta mutu sana'a ta mutu.

Haɗa su: 4,000 da 2,000 da 4,000, naira 10,000 a wata. In kina gyara hoto 100 a wata, kowane hoto ya ɗauki naira 100 tun kafin ki taɓa shi. In kuma 40 kawai kike samu, kowanne ya ɗauki naira 250. Kin ga ke nan wadda aikinta bai yi yawa ba ita ce ma bai kamata ta karya kuɗi ba, amma mu a nan akasin haka muke yi.

Wannan uwar kuɗi ce kawai, ba mu zo kan wahalarki ba. Nawa ne kuɗin awa ɗaya ta rayuwarki? Kada ki yi dariya, tambaya ce ta gaske. Ga hanya ɗaya ta aunawa. A shekarar 2024 aka sa hannu a kan dokar mafi ƙarancin albashi ta naira 70,000 a wata. Ma'aikacin da ke aikin awa 8 a rana, kwana 22 a wata, ya yi awa 176. In kin raba, awa ɗaya ta kama kusan naira 400. Wannan fa na mai ƙaramin albashi ne, ba na ƙwararre ba. Hanya ta biyu ta fi kusa da ke: dubi mai kitson unguwarku ko mai lalle, nawa take samu in ta zauna awa ɗaya a kan mutum? Bai kamata ki gaza ta ba, domin ita tsinke da kibiya take riƙewa, ke kuwa abin dubu casa'in ne a hannunki.

Sai dai ki yi wa kanki adalci wajen ƙidayar lokacin. Ki duba agogo in kin fara, ki duba in kin gama, ki rubuta, har hoto goma. Za ki sha mamaki, wanda kike cewa “minti biyar ne” sai ki tarar ya ci 20. Amma in kin ajiye wayar kin je kin sauke tuwo, ko yaro ya yi kuka kin ba shi nono, wannan ba ya cikin lissafi. Haka nan in ke sabuwa ce kina lalube, abin da gwana za ta yi a minti 15 ke sai kin yi awa, ba za ki ɗora wa mutane kuɗin koyonki ba. Lokacin gwana za ki ƙirga.

Yanzu mu koma kan 'yar'uwarmu ta Dingaya da wannan mudun. Hotuna 60, kowanne da naira 100 na data da caji da tsufan waya, naira 6,000. A ce duk masu sauƙi ne, minti 15 kowanne, awa 15 ke nan, wata naira 6,000. Jimla 12,000, ba riba a ciki ko ƙwandala. An ba ta 2,000, wato naira 33 da 'yan kai a kan kowane hoto. Ban da wahalar da ta sha a banza, sai da ta cika naira 4,000 daga aljihunta kafin amarya ta yi kyau a hoto. Ita ce ta biya aka ba ta aiki.

Kuma ba duk hoto ne ɗaya ba, kamar yadda kalaba da shuku ba kuɗinsu ɗaya ba. Akwai na shafa: hoto ya yi duhu a haskaka shi, ya karkace a miƙe shi, a datse gefe. Da lissafinmu na ɗazu wannan bai kamata ya gaza naira 200 ba, ki ɗora ribarki a kai. Akwai na tsakiya, inda za a cire abin da ke bayan mutum, a kawar da shanya ko akuyar da ta shigo hoto ba a gayyace ta ba, ko a haɗa katin gayyata da sitika da rubutu. Wannan rabin awa ne zuwa awa guda, ki lissafa.

Sai babban aiki, kuma a nan nake so in daɗe. Tsohon hoton takarda, na kaka ko na mahaifi da ya rasu, wanda aka ɗauka zamanin da mai hoto ke zuwa da kyamarar fim a jira kwana da kwanaki kafin a wanko. Ruwa ya taɓa shi, gara ta ci gefe, ya karye a tsakiyar fuska. Irin wannan yana iya cin awa biyu ko uku, kina bin tsaga da ɗan yatsa a hankali. Kada ki yi masa kuɗin hoton Sallah. Awa biyu naira 800 ce, da 100 na kayan aiki, kin ga ƙasa da 900 faɗuwa ce. Kuma mai irin wannan hoton ba ya cika yin ƙorafin kuɗi, domin shi kaɗai ya rage masa.

Za a ce miki, “Ai yanzu akwai manhajar da ke yi da kanta cikin daƙiƙa goma.” Haka ne, akwai, masu aiki da abin nan da ake kira ƙirƙirarriyar basira. Amma ki san yadda suke aiki. Inda hoto ya goge, ba dawo da abin da ya ɓace suke yi ba, cike gurbin suke yi da abin da suka ga ya fi kama. Sai ki ga an fito da tsohuwa tas-tas, amma idon ba nata ba ne, zanen fuskarta na gado ya ɓace don manhajar ta ɗauka tabo ne ta share. 'Ya'yanta na kallo za su ce wannan ba Inna ba ce. Ke da kika san bille da kalangu, kika san abin da za a bari da abin da za a cire, wannan sanin ake biya. Ki yi amfani da manhajar, amma ki duba da idonki, kuma ki gaya wa mai hoto in an taɓa fuska.

Bari in ɗan ratse, tunda mun zo kan fuska. Kullum za ki samu mai cewa, “Ki mai da ni fara.” Ni dai ra'ayina, goge ƙurji ko gumi ko inuwar da ta faɗo a fuska gyara ne, amma sauya wa mutum fata har maƙwabciyarta ta kasa gane ta ba gyara ba ne. In hoton na aika wa mai neman aure ne, kada ki sa hannu a wannan ko nawa za a ba ki, don ranar da aka ga juna sunanki zai fito. Hoton fasfo kuma na takardun hukuma ko na makaranta, ki bar fuskar yadda Allah ya yi ta.

To, kin san ƙasan kuɗinki, inda in kin sauka kin faɗi. Saura ki san samansa, wato abin da kasuwa za ta ɗauka. Ke ba fita kike yi ba, amma kina da ƙane ko ɗa. Aike shi ya tambayi masu shagon hoto a Birnin Kudu ko Gwaram, kamar mai son a yi masa aiki: nawa ake gyara tsohon hoto, nawa ake haɗa kalanda, nawa ne wanki. Tambayi 'yar'uwarki da ke aure a Dutse ko Kano ita ma. Kuɗin birni daban ne, don suna biyan haya da man janareta, kuma aljihun mutanen Dingaya ba na mutanen Kano ba ne, saboda haka ba lalle ki kai nasu ba. Amma kada ki ce tunda ke a ɗaki kike sai ki yi rabin rabinsu. Araha ba ta ado. Kuma waya ba ta san iyakar gari ba, mai sayar da turaren wuta ko atamfa a Kano tana iya turo miki hotunan kayanta ki gyara ta sa a WhatsApp. Irin wannan ki yi mata kuɗin wata, hoto kaza naira kaza, ya fi miki kwanciyar hankali a kan jiran biki.

Kina da wani abu kuma da mai shago ba shi da shi. Ke mace ce. Matar da aka ɗauka a wurin kamu ba mayafi, ko mai jego a ɗakinta, ba za ta so hotonta ya je hannun samarin shago ba, mijinta ma ba zai so ba. Wurinki za su zo don sun amince. Wannan amanar tana cikin abin da kike sayarwa, kuma in ta zube sau ɗaya ba ta kwasuwa. Ki sa wa wayarki mabuɗin sirri. Ki tuna wayar nan tana fita ko da ke ba kya fita: yaro yana kai ta wurin caji, ta yini a hannun wasu, wata rana ta je wurin mai gyara. Kafin ta fita ki tabbata hotunan mutane ba sa buɗe. In kin gama aiki an karɓa, ki ba da kwana bakwai ko goma, sannan ki goge, ki kuma shiga kwandon sharar wayar ki goge na can, don wayoyi da yawa suna ajiye abin da aka goge har kusan wata guda. Kada ki sa hoton kowa a matsayin tallar aikinki sai da izininta, kuma matar aure sai ta shawarci mijinta. Ko a wurin hukuma hoton mutum yana cikin bayanansa da dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ba kariya. In kina son talla, ga hoton kaya, ga na gini, ga tsohon hoton gidanku.

Saura yadda za ki buɗe baki ki faɗi kuɗin, wanda shi ne ya fi yi mana nauyi. Kada ki yanke kuɗi sai kin ga hoton, ba a cinikin biri a sama. “Guda ɗaya ne kawai, ɗan gyara kaɗan,” in ya iso sai ki tarar mutum tara ne a ciki ana son a cire uku. Ki ce, “Turo in gani, Yaya, sai in faɗa miki.” Ki roƙa a turo shi ta wurin tura fayil, domin in an turo ta hanyar da aka saba WhatsApp yana matse shi. Hoto ɗigo-ɗigo ne ƙanana, kamar ɗinkin hula, kuma wanda za a wanke a girman inci 5 da 7 yana son ɗigo kamar 1,500 a faɗi da 2,100 a tsawo kafin ya fito sosai. In an matse shi, kin sha wahala, a wanko ya fito dishi-dishi, a ce ke ce ba ki iya ba.

In kin gani, ki faɗi kuɗi da ranar karɓa a rubuce ko a saƙon murya, yadda zai zauna a wayarku ku biyu. Babban aiki ki karɓi rabi kafin alƙalami. Ki faɗa tun farko cewa in an ga abin canjawa za ki canja sau biyu, wannan shi ne gyaranki kamar yadda mai awo ke ƙara ɗan hannu a kan mudu, na uku kuwa da kuɗinsa. Da na san wannan da kalandar ƙawata ba ta kai bakwai ba. In kin gama ki tura samfuri da rubutu a gicciye a kansa, in cikon kuɗi ya shigo ki tura na ainihi. In ta tiransifa ne, ki buɗe asusunki ki gani da idonki, kada ki dogara da hoton rasit. Aikin fastar 'yan siyasa kuwa, in yaransu sun kawo ta hannun maigida, a biya duka tukuna. Bayan zaɓe ba za ki ga ƙeyar kowa ba.

In ana son a wanko a takarda, kuɗin wanki daban, kuɗin motar wanda zai kai Birnin Kudu daban, da ɗan abin da za ki ba shi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ba abin da za ki haɗiye ba ne. Ki tara aikin mutum uku ko huɗu a tafi da su lokaci guda, ki raba musu kuɗin motar.

Na san abin da ke ranki. Duk wannan da bare ne, yaya za ki yi da dangin miji? Ta yaya za ki dubi uwar mijinki ko yayarsa ki ce naira kaza? Ba na cewa ki yi ciniki da surukarki, wannan ba tarbiyyarmu ba ce. Amma muna da hanya tun ta kaka da kakanni, ita ce gudummawa. In bikin na gida ne, tun kafin a fara ki aika: “Yaya, zan gyara hoto 15 na amarya, aikin naira 4,000 ne, shi ne gudummawata. In ana son ƙari, ga yadda nake yi.” Kin ga kin yi zumunci, an san nauyin abin da kika bayar, za a kuma tuna ranar naki bikin. Kyautar da ba a san kuɗinta ba, ba a ɗaukar ta kyauta, ana ɗauka dama abin banza ne. Ki sanar da maigida tsarinki tun wuri, don in ƙorafi ya tashi wurinsa za a fara kai shi. Wadda kuma ba ta da kuɗi a hannu ta ce za ta ba da gero ko shinkafa, karɓi abinki, a auna da farashin kasuwa na ranar.

Kuɗin da kika yanke ba zai zauna har abada ba. Duk wata uku ki sake ɗauko takardar nan ki duba ko data ko caji sun tashi. In za ki ƙara, kada ki ƙara ana tsakiyar aiki, ki sanar tun kafin kaka, lokacin da amfanin gona ya shigo gida bukukuwa suka yawaita, ko kafin Sallah. Aikin gaggawa, wanda aka kawo da magariba ana so da asuba, ki ɗora masa rabin kuɗinsa, barcinki ne aka saya. Da damina kuwa aiki zai ja baya, kowa kuɗinsa na gona, abin da kika tara da kaka shi zai riƙe wayar.

Ke kuma 'yar'uwata ta Dingaya, kin tambaya ko ki aika a cika miki. A'a, kada ki aika. Ba ku yi ciniki ba, kuma matar nan ba ta san ta ƙware ki ba, a ganinta ma ta kyauta. Ki yi wanka da sabulunki. Amma yau ɗin nan ki rubuta kuɗin aikinki kashi uku, na shafa da na tsakiya da babba, ki yi masa ado yadda kika iya, ki sa a WhatsApp inda duk dangi za su gani tun babu bikin kowa a gaba. Kin ce ƙanwar amaryar ma an sa ranarta bayan kaka. Ki turo mana mu ji yadda kuka ƙare.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda mai sana'ar cikin gida za ta buɗe asusun ajiya da sunanta, da takardun da ake nema.